Gwani a Cikin Su Wa? Nazari Kan Yadda Sakandaren Amurka Ke Tace Ɗalibai Don Tallafin Karatun Jami'a

Karatun jami'a a Amurka yana cin kuɗi ƙwarai. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, abin da ɗalibi zai biya a shekara guda, in an haɗa kuɗin makaranta da na masauki da na abinci, ya haura dala dubu 80. Jami'o'in gwamnatocin jihohi sun fi sauƙi, amma su ma sukan jefa iyali cikin bashin da za a yi shekaru ana biya. Tallafin karatu shi ke raba wanda zai tafi jami'ar da yake buri da wanda zai haƙura da ta kusa da gida, ko ma ya haƙura da karatun ɗungurungum. Tallafin iri biyu ne. Akwai wanda ake bayarwa bisa la'akari da samun iyaye. Akwai kuma na cancanta, wanda ba ruwansa da ko uban yaro attajiri ne ko direban babbar mota, abin da kawai ake so a sani shi ne ko yaron yana cikin waɗanda suka yi zarra.

Mutane sukan ɗauka gano haziƙin ɗalibi ba abu ne mai wuya ba: a duba maki, a ɗauki na sama. Wanda ya bi tsarin daki-daki zai tarar tun kafin a kai ga duba maki an riga an yanke wata shawara da ba kasafai ake faɗinta ba, wato da su wa za a gwada yaron. Da 'yan ajinsu? Da 'yan jiharsu? Ko da duk sa'o'insa na ƙasar? Kowace amsa da irin gwanin da take fitarwa, har yaro ɗaya mai maki ɗaya ya ci a wannan ma'auni ya faɗi a wancan. Makarantar sakandare kuwa tana tsakiyar lamarin. Ita ke ba da makin, ita ke jera sunaye, ita ke rubuta shaida, ita ce kuma ke yin suna in ɗalibanta sun ciri tuta.

A fara da makin aji. Amurka ba ta da jarrabawar kammala sakandare guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya irin WAEC ko NECO. Malamin kowane darasi ne ke ba ɗalibi A ko B ko C, bisa aikin gida da gwaje-gwaje da jarrabawar zango, sai a mai da haruffan lambobi: A maki 4, B maki 3, C maki 2. Matsakaicin waɗannan makuna na shekaru huɗu, daga aji 9 zuwa aji 12, shi suke kira GPA. Ba a daɗe ba aka lura cewa ɗalibin da ya kauce wa darussa masu wuya zai iya fin wanda ya tunkare su. Don a toshe wannan kafa, makarantu da yawa suka fito da ƙarin nauyi: A a darasin AP, wato darussan matakin jami'a da hukumar College Board ke tsara wa 'yan sakandare, sai ta zama maki 5.

Gyaran ya zo da tasa ɓarakar. A ɗauki 'yan mata biyu a aji guda. Kowacce ta ɗauki darussan AP biyar, kowacce ta ci A a dukkansu. Ta farko ta tsaya a nan, matsakaicinta 5.0. Ta biyu tana sha'awar zane ko aikin jarida, sai ta ƙara darasi na shida wanda ba shi da ƙarin nauyi, shi ma ta ci A. Jimlarta 29, a raba shida, 4.83 ke nan. Ta yi duk abin da ƙawarta ta yi har da ɗoriya, amma a jerin sunaye ta koma bayanta. Ɗalibai da iyayensu sun san wannan lissafi sarai, kuma a makarantun da gasa ta yi zafi da shi ake zaɓen darussa tun daga aji 9. A ganina wannan ita ce illa mafi muni a duk tsarin, domin tana koya wa yaro ɗan shekara 14 ya guji duk ilimin da ba ya ɗaga masa maki, tun bai san abin da zuciyarsa ke so ba.

Sannan A ta wata makaranta ba daidai take da A ta wata ba, kamar yadda mudun wata kasuwa kan fi na wata ciki. Hukumar jarrabawar shiga jami'a ta ACT ta fitar da rahoto a 2022 da ya nuna matsakaicin makin aji na masu zama jarrabawarta ya tashi daga 3.17 a 2010 zuwa 3.36 a 2021, alhali makinsu a jarrabawar kanta bai tashi ba. Kafin nan, a 2018, Seth Gershenson ya bi bayanan jihar North Carolina ya gano cewa kumburar maki ta fi yawa a makarantun 'ya'yan masu hannu da shuni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Iyayen da suka san hanya su ne ke iya zuwa ofishin shugaban makaranta su kai ruwa rana a kan B guda ɗaya. Duk da haka ba za a yi watsi da makin aji ba. Elaine Allensworth da Kallie Clark sun bi sawun ɗaliban makarantun gwamnati na birnin Shikago, suka nuna a 2020 cewa makin aji ya fi makin ACT, da rata mai yawa, wajen hasashen wanda zai kammala jami'a. Maki ne na shekaru huɗu, daga hannun malamai da dama, yana auna naci da zuwa makaranta da cika aiki, abubuwan da zaman sa'o'i uku a ɗakin jarrabawa ba ya gani. A ɗaya ɓangaren kuma jami'ar MIT a 2022, da ta Dartmouth a 2024, sun dawo da sharaɗin jarrabawar shiga bayan sun jingine shi lokacin annobar korona, suna cewa tana taimaka musu gano haziƙan da suka fito daga makarantun da ba a san su ba.

Daga matsakaicin maki ake fitar da jerin matsayi, na ɗaya, na biyu, har zuwa na ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya shi ke gabatar da jawabin bankwana ranar yaye ɗalibai, kuma abin ya wuce girmamawa kawai. A jihar Teksas, doka ta yafe masa kuɗin makaranta na shekarar farko a kowace jami'ar gwamnatin jihar. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu kan zama ƙanƙanuwa ƙwarai, sai an je lamba ta uku bayan ɗigo kafin a raba gardama, kuma an sha kai irin wannan gardama gaban alƙali. Shi ya sa wasu makarantu suka koma ba mutum da yawa matsayin na ɗaya, wasu kuma, musamman masu zaman kansu da na unguwannin masu hali, suka daina bayyana jerin gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce yaron da ya faɗa tsakiyar jeri a wurinsu zai iya zama zakara a wata makarantar, don haka jerin zalunci ne a gare shi. Hujjar tana da ƙarfi, amma ya kamata a lura da wanda take karewa.

Teksas ta bi akasin wannan hanya, kuma abin da ya faru a can ya cancanci a tsaya a kansa. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Hopwood, ta hana jami'o'in jihar la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Shekara guda bayan haka majalisar jihar ta zartar da dokar da 'yar majalisa Irma Rangel ta jagoranta, Gwamna George W. Bush ya sa mata hannu. Dokar ta ce duk ɗalibin da ya kammala cikin kashi 10 bisa 100 na saman ajinsu, a kowace sakandare ta jihar, yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnati. Gurbi ne dokar ta bayar, ba kuɗi ba, amma ta amsa tambayar da muka fara da ita ƙarara: a gwada yaro da waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi, malamai ɗaya suka koyar da su, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya suka yi amfani da shi, ko suka rasa shi tare. Abin da ya sa dokar ta yi aiki wajen shigo da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka abu ne mai ɗaci, wato unguwanni a rarrabe suke, makarantu ma haka. Ta kuma amfani 'ya'yan fararen fata na karkara, waɗanda makarantunsu a da ba sa tura kowa babbar jami'ar da ke Austin, shi ya sa 'yan majalisar karkara suka zama cikin masu kare ta.

Masu sukar dokar sun ce za ta cika jami'a da yaran da ba su shirya ba, ta kori waɗanda suka fi su. Masana tattalin arziki uku, Sandra Black da Jeffrey Denning da Jesse Rothstein, sun bi rayuwar rukunonin nan biyu tsawon shekaru. Waɗanda dokar ta jawo ciki sun ƙaru wajen shiga jami'a da kammala ta. Waɗanda ta tura waje sun tafi jami'o'in da ba su kai ta Austin suna ba, amma ba a ga sun ragu ba wajen kammala karatu ko samun kuɗi daga baya. Wannan sakamako yana da nauyi, domin ya nuna ribar wani ba lallai ta zama asarar wani daidai-wa-daida ba. Akwai dai masu dabara. Binciken Julie Cullen da Mark Long da Randall Reback na 2013 ya gano wasu iyalai na zaɓa wa 'ya'yansu makarantar da gasa ba ta yi tsanani ba don su faɗa cikin kashi 10, kuma galibi waɗanda suke turewa 'ya'yan tsiraru ne. Ita ma jami'ar Austin ta cika maƙil, har a 2009 majalisa ta ba ta damar tsayar da masu shiga kai tsaye a kashi 75 na guraben 'yan jiha. Tun daga nan ƙofar take ƙara tsukewa: kashi 8, kashi 7, kashi 6, yanzu kuma kashi 5 ga masu shiga daga 2026.

Gasar tallafin karatu ta National Merit, wadda aka kafa a 1955, da wani ma'aunin take aiki. A watan Oktoba ɗaliban aji 11 fiye da miliyan ɗaya kan zauna jarrabawar PSAT. Daga cikinsu akan ware kimanin dubu 50 mafiya maki. Kimanin dubu 34 su sami takardar yabo su tsaya a nan, kimanin dubu 16 kuma su wuce zagayen kusa da na ƙarshe. A wannan mataki makaranta ba ta da ta cewa, maki ne kawai. To amma wane maki? Jarrabawar kashi biyu ce, karatu da rubutu a gefe guda, lissafi a ɗaya gefen, kowanne iyakarsa 760. Wajen fitar da makin gasa ana ninka na karatu da rubutu sau biyu, a haɗa da na lissafi, a raba goma. Yarinyar da ta ci 760 a Turanci da 700 a lissafi za ta tashi da 222. Yaron da ya ci 700 a Turanci da 760 a lissafi zai tashi da 216. Jimlarsu ɗaya ce, 1460, amma maki shida sun raba su, kuma a wannan gasa maki shida tazara ce babba. Ɗan baƙon da ba Turanci ake yi a gidansu ba, ko da ya fi kowa lissafi, da wannan giɓi yake shiga fage.

Guraben dubu 16 ɗin kuma ana raba su ne ga jihohi gwargwadon yawan masu kammala sakandare a kowace jiha, saboda haka kowace da makin tsallakewarta. A New Jersey da Massachusetts yakan haura 220. A Wyoming da North Dakota da West Virginia yakan tsaya wajen 210 ko ƙasa da haka. Yaron nan mai 216 ya wuce cikin sauƙi in a Wyoming yake, in kuwa a New Jersey ne ta leƙo ta koma. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan muhawara, ya san yadda makin shiga kwalejojin gwamnatin tarayya ke bambanta daga jiha zuwa jiha, ya kuma san irin cacar bakin da hakan ke jawowa. Ashe ƙasar da aka fi jin tana kirarin cancanta zalla ita ma rabon jihohi take yi a babbar gasarta. Sai dai rabon ya tsaya a iyakar jiha, bai sauka zuwa gunduma ko makaranta ba, don haka a cikin kowace jiha 'yan tsirarun makarantun shafaffu da mai ne ke kwashe kaso mafi tsoka.

An daɗe ana ƙorafi a kan dogaro da jarrabawa guda. A 1994 ƙungiyar FairTest ta kai ƙara ma'aikatar ilimi ta tarayya cewa 'yan mata sun fi yawa cikin masu zama jarrabawar amma maza sun fi yawa cikin masu cin tallafin. Aka sasanta a 1996, aka ƙara sashen rubutu a 1997. A 2005 jami'ar Kalifoniya ta janye daga ɗaukar nauyin tallafin, bayan malamanta sun yanke cewa maki guda na rana guda bai isa a kira shi cancanta ba. Jami'ar Teksas da ke Austin ta bi sahu a 2009. In aka koma ga gasar kanta, sai bayan an wuce zagayen kusa da na ƙarshe hannun makaranta ke bayyana: ɗalibi ya rubuta maƙala, ya tabbatar da makinsa da jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT, makaranta ta aika tarihin karatunsa, shugabanta ko wakilinsa ya sa hannu cewa ya amince da shi. Kimanin dubu 15 ke kaiwa zagayen ƙarshe, kusan rabinsu ke samun kuɗi. Kyautar hukumar gasar kanta dala 2,500 ce sau ɗaya. Kuɗi na gaske yana wajen jami'o'i irin na Alabama da Oklahoma, masu zawarcin waɗannan ɗalibai da tallafin shekaru don su ɗaga martabarsu.

Jihar Jojiya ta nuna abin da ke faruwa in aka ɗora kuɗi kai tsaye a kan makin malami. A 1993 Gwamna Zell Miller ya ƙaddamar da tallafin HOPE: duk wanda ya kammala sakandare da matsakaicin B, wato 3.0, jiha za ta biya masa kuɗin jami'ar gwamnati. Kuɗin daga cacar da gwamnatin jihar ke gudanarwa yake fitowa. Da farko akwai iyakar samun iyaye, dala dubu 66 a shekara, aka ɗaga ta zuwa dubu 100, a 1995 aka cire ta baki ɗaya. Susan Dynarski ta nuna a 2000 cewa shirin ya ƙara yawan masu shiga jami'a sosai, amma ƙarin ya fi yawa a tsakanin fararen fata da masu matsakaicin hali, har giɓin da ke tsakaninsu da baƙaƙe ya ƙara faɗi. In aka tuna cewa talakawa ne ke kashe kaso mafi girma na samunsu wajen sayen tikitin caca, za a ga inda kuɗin ke fitowa da inda yake zuwa, kuma wannan abin damuwa ne ko da an ajiye hukuncin cacar kanta a gefe.

Malamin da ya san C ɗinsa za ta iya hana yaro dubban daloli yana cikin tsaka mai wuya. Jihar ta gane haka. Daga 2007 hukumar tallafin ɗalibai ta jihar ta karɓe lissafin daga hannun makarantu, ta riƙa fitar da matsakaicin da kanta daga takardun sakamako, da ma'auni guda ga kowa. A 2011, da kuɗin caca ya gaza, aka raba tallafin gida biyu, cikakken biya ya koma ga mai 3.7 da kuma 1200 a SAT ko 26 a ACT. Amma an bar wata 'yar ƙofa mai ma'ana: na ɗaya da na biyu a kowace makaranta sun cancanta ko ba su kai wancan makin jarrabawa ba. Ma'aunin Teksas ke nan ya shigo ta taga, kuma da shi ne ƙananan makarantun karkara ke samun rabonsu.

Akwai matakin da ya fi duk waɗannan ɓoyuwa, shi ne gabatarwa. Wasu daga cikin tallafi mafiya daraja, hanyar da aka fi bi a same su ita ce makaranta ta miƙa sunan ɗalibi. Morehead-Cain na jami'ar North Carolina, wanda gidauniyarsa ta kafu a 1945 bisa koyi da tallafin Rhodes na Oxford, yana biyan komai na shekaru huɗu, yana kuma neman abu huɗu: ilimi, jagoranci, kyawun hali da kuzarin jiki. Na Jefferson a jami'ar Virginia shi ma makarantu yake jira su gabatar, kowacce da ɗalibi ɗaya ko biyu. A nan babu lamba ta uku bayan ɗigo. Shugaban makaranta ne da jami'in ba da shawara da wasu malamai za su zauna su ce wane. Alherin wannan shi ne ana iya ganin mutum gaba ɗayansa. Haɗarinsa kuwa, jagorancin da ake gani shi ne na cikin harabar makaranta: shugaban ɗalibai, kyaftin ɗin ƙwallo, editan mujalla. Yarinyar da ke fita da an tashi don ta kula da ƙannenta, ko yaron da ke aikin kanti har dare don a biya kuɗin haya, nauyin da suke ɗauke da shi bai cika shiga takarda ba sai in akwai malamin da ya sani, ya kuma iya rubuta shi yadda kwamiti zai gane.

Wannan ya kawo mu ga jami'in ba da shawara, mutumin da kusan komai ke bi ta teburinsa. Shi ke tuna wa ɗalibi ranar rufe karɓar takardu, shi ke aika sakamako, shi ke rubuta wasiƙar shaida, shi ke bayyana wa jami'a irin makarantar da yaron ya fito. Ƙungiyar masu wannan aiki ta Amurka ta ba da shawarar jami'i ɗaya ga ɗalibai 250, amma matsakaicin ƙasar a 'yan shekarun nan ya haura 370, a wasu jihohi ma ya zarce 500. Makarantar kuɗi takan ajiye ma'aikatan da ba su da wani aiki sai neman wa ɗalibai jami'a. A makarantar gwamnati mai cunkoso, mutum ɗaya ne ke fama da jadawalin darussa da rikicin ɗalibai da matsalolin gida, sannan a ce ya rubuta wasiƙa mai ratsa zuciya a kan yaron da bai fi sau biyu ya gani ba. Masu bincike sun auna jarrabawa, sun auna makin aji, sun auna jerin matsayi, amma wannan teburi bai sami kulawar da ta kai muhimmancinsa ba, alhali a kansa ne wasu ke faɗuwa tun ba a kai ga auna su ba.

Ko makarantun da ake ji da su ba su tsira ba. A ƙarshen 2022 ta bayyana cewa wata fitacciyar sakandaren kimiyya a arewacin Virginia ta jinkirta miƙa wa ɗalibanta takardun yabon National Merit har sai da wa'adin farko na neman shiga wasu jami'o'i ya wuce. Iyaye suka yi ca, Gwamna Glenn Youngkin ya nemi babban lauyan jihar ya bincika, daga nan wasu makarantun yankin suka fito suka amsa cewa su ma sun makara. Hukumar makarantun gundumar ta ce kuskure ne, ba ganganci ba. Iyayen waɗannan yara masu ilimi ne da suka san darajar takardar, suka kuma san ƙofar 'yan jarida da ta gwamna, shi ya sa duniya ta ji labarin.